Yadda ake zana shema ta lantarki wadda wani zai karanta ba sai ya kira ka a waya ba

Bara da azumi na aika wa wani ƙanena da ke Mirya shema, wato zanen yadda ake jona kayan lantarki da juna, ta wata 'yar sirkwi ta WhatsApp, fitila ce ta batir 12V mai kunna kanta in magariba ta yi kuma ta mutu in gari ya waye, yana son ya sa a ƙofar masallacin unguwarsu. A bayan kwalin magani na zana ina tsakar wani aiki, na ɗauki hoto na tura na manta da zancen. Bayan kwana biyu sai ga kira, "Yaya, abin nan fa ina jona batir fizibil ya tashi, na sa wani shi ma ya tashi." Na ce turo min hoton abin da ka haɗa. Wallahi da na duba yaron bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ya gani a takarda shi ya haɗa. Akwai wani wuri da layin pilus ya ratsa ta kan layin mas, wato layin sifiri da wuta ke komawa ta kansa, ni a raina wucewa kawai suka yi, amma bik ɗina ya ɗan tsiyaye a daidai gurin, hoto kuma ya dushe, shi sai ya ga ɗigo, ɗigo kuwa a shema ma'anarsa haɗa su. Ya haɗa pilus da mas. Allah ya so na sa fizibil a zanen, da wayar ce za ta narke masa a hannu.

Daga ranar na daina ɗaukar shema a matsayin abin tuni na kaina. Wasiƙa ce kake rubuta wa mutumin da ba ya nan lokacin da kake tunanin, ko yaron shagonka ne, ko wani mai gyara a Matamaye da akwatin zai faɗa hannunsa, ko kai kanka bayan wata takwas ka manta komai. To ga yadda nake yi yanzu, kuma da waccan fitilar zan dinga misali tunda ita ta koya min.

Kafin komai samu takardar kirki. Kaye na lakwal mai ƙananan gidaje, wanda kowane gida milimita 5 ne, shi ya fi, ba mai manyan layukan nan na koyon rubutu ba. Kirayon, gom, da regil. Bik sai a ƙarshe in ka tabbata. Ka kwantar da takardar ta faɗi, don shema ta fi son faɗi a kan tsawo.

Mataki na farko ba zana piyes ba ne, wato ƙananan kayan da ake jonawa, rarraba aikin ne gida-gida. Ka tambayi kanka wannan abu sassa nawa ne. Fitilata sassa huɗu ce: inda wuta ke shigowa da kariyarta, mai jin haske, mai yanke hukunci wato LM358, wanda aisi ne, ɗan baƙin piyes mai ƙafafu da sirkwi a cikinsa, sai mai kunnawa wato tiranzisto da rele, makunnin da wuta ce ke danna shi ba hannu ba. Ka zana akwatuna huɗu da kirayon a hankali, ka jera su daga hagu zuwa dama yadda labarin yake tafiya, abin da ke shigowa a hagu, abin da ke fita a dama. Eh na sani mu da muka yi allo hannunmu ya saba da farawa daga dama, amma shema a ko'ina cikin duniya daga hagu take tashi, datashit ɗin da za ka buɗe, wato takardar bayanin piyes daga kamfani, haka yake, littafin da aka koyar da kai haka yake, in ka juya taka kai kaɗai za ka gane ta. Abu ɗaya ne aka yarda ya yi tafiyar baya, shi ne layin da ke ɗauko wani abu daga fita ya mayar da shi shiga, kuma da yake shi kaɗai ke komawa baya ido na ganinsa nan take ya san ko mene ne.

Na biyu, pilus a sama mas a ƙasa. Mas fa nake cewa, ba masar da ake ci da miyar taushe ba, wani yaro da ya zo koyon aiki sai da ya yi sati yana dariya in an faɗa. Ka ɗauka wuta ruwa ce da ke gangarowa daga kan dutse irin na Birni zuwa kwari, mafi ƙarfi a can sama, sifiri a ƙasa, in akwai wuta mai muwan kamar -12V ita kuma ƙasa da mas. Amfanin wannan sai ka zo gyara kake ganinsa. In LDR, wato mai jin hasken nan, tana sama, rezistans ɗin 10k mai rage gudun wuta yana ƙasa, an jera su a tsaye, kallo ɗaya za ka yi ka ce to in duhu ya yi LDR za ta ƙara tauri, wutar tsakiyarsu za ta sauka. In kuwa an kwantar da su, ɗaya a nan ɗaya can bayan aisi, sai ka bi layi da yatsa kana lissafi kafin ka gane abu mai sauƙi.

Kuma kada ka ja layin mas ɗaya yana zagaya takarda kamar kabu-kabu mai neman fasinja. Duk inda piyes ke buƙatar mas, ka sauko da ɗan gajeren layi ka sa alamar mas a nan, bakinta na kallon ƙasa kullum. Duk inda ake buƙatar pilus ka hau da ɗan layi sama ka rubuta +12V. Mai karatu ya san duk alamomi iri ɗaya a haɗe suke. Wannan kaɗai zai kwashe maka rabin layukan da ke sarƙewa, kuma da haka na yi tun farko da layin pilus bai ma haɗu da na mas ba balle bik ya tsiyaya a kansu.

Yanzu maganar da ta fi ci min rai, mahaɗar layuka. Doka ita ce in layi biyu sun haɗu a sa ɗigo, in wucewa kawai suka yi ba ɗigo. Dokar daidai take amma ta dogara da ɗigo guda, ɗigo kuwa abu ne mai rauni, fotokopi na cinye shi, hoto na dusar da shi, kashin ƙuda na ƙirƙiro shi inda babu, ƙurar hunturu ma in ta zauna a kan takarda ka ɗauki hoto sai ka ga ɗigo-ɗigo ko'ina. Saboda haka ni dokata ta fi wannan tsauri. Ban yarda layi huɗu su haɗu a wuri ɗaya ba sam. In ina son haɗa layi da layi, sai ɗaya ya zo ya tsaya a jikin ɗayan kamar harafin T, in sa ɗigo babba mai kauri. In akwai na huɗu da zai shigo, in matsar da shi gida ɗaya ko biyu gefe ya yi nasa T ɗin. Ka ga kenan duk inda aka ga layi ya ratsa layi kamar alamar tarawa, wucewa ce, ko da ɗigo ya fito ko bai fito ba, duk inda aka ga T kuma haɗi ne ko da ɗigon ya goge. Wasu na yin 'yar gada, layin ya yi tsalle kamar rabin zobe a kan ɗan'uwansa, tsohon yayi ne amma a zanen hannu ba laifi, ni ma nakan yi in zan tura wa sabon shiga. Abin da ba a so shi ne ka yi gada a wani wuri ka ƙi yi a wani, sai mutum ya rasa wanne ne wanne.

Layuka kuma su tafi a miƙe, ko a tsaye ko a kwance, kwana ta zama kwana sosai. Banda karkace sai inda al'ada ta kawo, kamar diyod huɗun nan masu mayar da kuran na gida wuta irin ta batir, da ake zanawa kamar lu'ulu'u. Kada layi ya bi ta cikin jikin piyes, kada ya bi ta kan rubutu.

In layi zai yi doguwar tafiya, yanke shi ka ba shi suna. Misali wayar da ta fito daga tsakanin LDR da rezistans ɗinta, ka ja ta kaɗan ka rubuta HASKE a kanta, can inda za ta shiga ka sake rubuta HASKE, shikenan sun haɗu. Suna mai ma'ana fa, BAT, PANO, FITILA, ba A da B da X ba. Amma a nan ma akwai masu wuce gona da iri, musamman masu zane a ordinatar, za ka ga shema gaba ɗaya ba layi ko ɗaya, kowace piyes na zaune ita kaɗai da sunaye a ƙafafunta, sai ka koma farautar suna a takarda kamar mai neman akuya a kasuwar dabbobi. Abin da ke kusa a haɗa shi da layi a gani da ido, suna na nesa ne da na wuta.

Sai alamomi. Mu nan muna tsakanin makaranta biyu, wanda ya yi karatu da littattafan Faransa ya san rezistans a matsayin ɗan akwati dogo, tsarin IEC 60617 kenan, wanda ya koyi aiki a Kano ko yake kallon bidiyon Amurka ya san shi da layi mai haƙoran zarto. Duka daidai ne, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai a takarda guda. Kondo, wato piyes mai ajiye wuta, in mai pilus da muwan ne ka sa masa + a fili kusa da ƙafar, kar ka ce ai an gane daga lanƙwasar alamar, wanda ya taɓa jin ƙarar kondo da aka juya ba zai yi maka gardama ba. Kibiyar tiranzisto ka zana ta da kyau, NPN tana fita PNP tana shiga, in ka yi ta kamar tsinke ba wanda zai bambance.

Ga kuskuren da kusan duk sabon shiga ke yi, ni ma na yi shi shekaru: zana aisi yadda yake a zahiri, akwati da ƙafa 1 zuwa 4 a hagu, 5 zuwa 8 a dama, sannan a yi ta nannaɗe layuka a kewaye da shi. Wannan hoton plak ne, wato farantin da ake manna piyes a kai, ba shema ba. Shema aikinta ta nuna yadda abu ke aiki, inda ƙafa take zaune a jiki aikin lamba ne. LM358 ampili biyu ne a gida ɗaya, kowanne na gwada wutar da ke shiga ƙafafunsa biyu, don haka ka zana kowanne a matsayin kusurwa uku mai kallon dama, na farko ka kira shi U1A, ƙafa 2 ita ce mai muwan, ƙafa 3 mai pilus, ƙafa 1 fita, ka rubuta lambobin a jikin layukan a waje. Wutarsa ƙafa 8, mas ɗinsa ƙafa 4, kada ka ɓoye su, ka nuna su a fili, don na ga wanda ya haɗa komai daidai ya bar aisi ba wuta saboda ba a zana ba. A fitilata HASKE na shiga ƙafa 2, tsakiyar potansiyometir 10k, wato rezistans ɗin da ake murɗawa, na shiga ƙafa 3, in duhu ya yi ƙafa 2 ta sauka ƙasa da ƙafa 3 sai ƙafa 1 ta tashi. Sai rezistans ɗaya babba daga ƙafa 1 ya koma ƙafa 3, shi ne mai tafiyar bayan nan da na faɗa, aikinsa ya hana rele kaɗa haƙori a lokacin da gari bai gama yin duhu ba. Da an zana shi a kusurwa uku duk wannan bayanin da ido ake ganinsa.

Rabin da ba ka yi amfani da shi ba, U1B mai ƙafa 5 da 6 da 7, shi ma zana shi a wani lungu ka nuna abin da aka yi da ƙafafunsa, galibi a haɗa 7 da 6, ita kuma 5 a ba ta wata tsayayyar wuta, don kada mai haɗawa ya zauna yana tunanin ko mantawa ka yi. Haka NE555, wannan tsohon aisi da kamfanin Signetics ya fitar a 1972 har yau muna cin abinci da shi, in za ka zana shi sa 8 da 4 a sama, 1 a ƙasa, 3 a dama, 7 da 6 da 2 a hagu a jere daga sama zuwa ƙasa, ka ga yadda rezistans biyu da kondo za su sauko a tsaye a gefensa ba layin da ya ratsa wani. Kondon 100n da ake sa wa aisi a bakin wutarsa kuma ka zana shi manne da aisi ɗin, ko ka rubuta a gefensa cewa kusa da ƙafa 8 za a sa shi, in ka jefa shi can gefen batir mai haɗawa ma can zai sa shi, amfaninsa ya tafi.

Kowace piyes suna biyu gare ta, na yanka da na ƙima. Na yanka shi ne R1, R2 na rezistans, C na kondo, D na diyod, Q na tiranzisto ko da yake wasu littattafan T suke sawa, U na aisi, K na rele, F na fizibil, J na wurin jona waya. Ka fara ƙirga daga hagu sama ka gangara dama, kar lamba ta maimaitu, don ranar da za a yi magana a waya cewa "duba R4" ya fi cewa "wannan na kusa da baƙin abin nan". Rele ka kula da shi, bobin ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan bakin, na iya zama a nan, bakin da yake buɗewa da rufewa na can wajen fitila, to duka biyun ka rubuta musu K1, kuma ana zana bakin ne a yadda yake lokacin da ba wuta a bobin. Diyod 1N4007 da ke kare tiranzisto ka zana shi a gefen bobin ɗin daf da shi, zobensa na kallon pilus.

Wajen rubuta ƙima ma ɗigo ya sake zama abokin gaba. Mu da muka yi lakwal waƙafi muke sawa, 4,7k, na Najeriya ɗigo suke sawa, 4.7k, kuma duka biyun in hoto ya dushe 47k za a gani. A fitilata rezistans ɗin da ke tsakanin ƙafa 1 ta LM358 da tiranzisto 4,7k ne, yana ba shi wajen miliampeya 2, in aka sa 47k abin ya ragu sau goma, rele ya koma yau ya kama gobe ya ƙi, kuma irin wannan ciwon ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya wahalar ganowa. Maganin shi ne harafin ya zauna a gurbin ɗigon: 4k7, 2R2 maimakon om 2,2, 1M5, 4n7. Ba ni na ƙirƙiro ba, tsari ne sananne da ke cikin IEC 60062. Ka kula da ƙaramin m da babban M, na farko kashi ɗaya cikin dubu ne na biyu miliyan, kuma in ka ci karo da tsohuwar shemar Amurka an rubuta MFD a kan kondo, mikrofarad suke nufi. In kondon da ke hannunka 104 aka buga a jikinsa, kai a shema 100n za ka rubuta, in kana jin tausayin yaron shago ka ƙara 104 a gefe.

Kondo kuma ba ƙima kaɗai ba, har da wutar da zai iya ɗauka. Batir ɗin da muke kira 12V in yana shan sharji yana kaiwa 14,4V, pano ɗin sola da ake kira na 12V kuwa in ba a ɗora masa komai ba da tsakar rana yana haura 20V. In ka rubuta 470u kawai ka yi shiru, mutum zai je kasuwar Dole ko ya ciro a tsohuwar rediyo duk wanda ya samu, ko mai 10V ne. Rubuta 470u 25V a gefen batir, 35V a gefen pano. Rezistans ɗin da zai yi zafi rubuta wat ɗinsa, fizibil rubuta ampeyarsa, balle a zafinmu na watan Afrilu da Mayu da akwatin ƙarfe ke zama tanda.

Akwai wani ɗan ƙari da nake yi wanda littafi bai cika faɗa ba, kuma shi ya fi rage min kiran waya. A ƙasan takarda nakan zana tiranzisto ɗin yadda yake a hannu, fuskarsa mai rubutu na kallona ƙafafu a ƙasa, in rubuta sunan kowace ƙafa. Dalili, a nan ba kullum ake samun lambar da aka rubuta ba, abin da ke akwai shi ake sawa. Sunayen ƙafafun tiranzisto uku ne, C da B da E. BC547 daga hagu C, B, E yake. 2N3904 kuwa E, B, C, an juya. C945 da ke cike cikin tsofaffin kaya shi kuma E, C, B. Jikinsu iri ɗaya sak, a shema alamarsu ɗaya, amma in ka cire wannan ka cusa wancan yadda yake ba zai yi ba. Haka regilatar mai daidaita wuta, 7805 ƙafafunsa shiga, mas, fita ne, amma LM317 ƙafarsa ta farko ta saiti ce, ta biyu fita, ta uku shiga. Minti biyu zai ɗauke ka ka zana wannan.

Sannan ka rubuta wutar da ya kamata a samu a muhimman wurare, da ƙaramin rubutu ko jan bik. Ƙafa 3 wajen 6V in potansiyometir na tsakiya, ƙafa 1 wajen 10,5V cikin duhu don LM358 ba ya kaiwa har saman wutarsa, yana rage kamar 1,5V, ƙafar B ta tiranzisto wajen 0,7V in ya kunna. Mai gyara da miltimetir a hannu in ya ga waɗannan lambobin cikin minti biyar zai san sashen da ya mutu, in babu su sai ya fara cire piyes ɗaya-ɗaya yana gwadawa, plak ɗin ta ƙare da ƙonewar fer.

In a zanenka akwai kuran na gida 220V, wannan ba wasa. Ka ware masa yankinsa, ka ja layi mai tsinke-tsinke tsakaninsa da ƙaramar wuta, ka rubuta HATSARI da manyan baƙaƙe. A cikin sharja da alimantasiyon irin na zamani babban kondon gefen kuran na riƙe da wajen 310V, kuma yana iya riƙe ta ko bayan an zare. Muwan ɗin wannan kondon ba mas ɗin gefen 5V ba ne, kada ka kuskura ka ba su alama iri ɗaya, haka wayar da ake binnewa a ƙasa ita ma alamarta daban. In ka ba su alama ɗaya ka ce wa mai karatu ya haɗa su kenan.

Rubutu duk ya kwanta a karanta shi ba tare da juya takarda ko karya wuya ba, sunan piyes da ƙimarta kusa da ita ta yadda ba za a ɗauka na maƙwabciyarta ba ne. Ka bar fili. Takarda ba ta da tsadar da za a cusa komai a lungu ɗaya, in ta cika ɗauko ta biyu ka rubuta 1/2 da 2/2. A kusurwar dama ta ƙasa ka yi ɗan akwati, sunan aikin, sunanka, kwanan wata, da lambar zubi. Wannan lambar zubin kar ka raina ta, ranar da ka canza rezistans a plak ka canza a takarda ka mayar da ita zubi na 2, in ba haka ba wata rana kai da mutum za ku yi ta musu a waya kowa na kallon takarda daban.

Mai ordinatar ya nemi KiCad, kyauta ce ba sai an yi satar lasisi ba, wani malami a Faransa mai suna Jean-Pierre Charras ya fara ta a 1992, kuma tana aiki ba intanet. Nauyi gare ta wajen saukewa, gara ka karɓa a kile wurin wanda ke da ita, ɗaliban jami'ar André Salifou masu wannan harka ba za a rasa ba. EasyEDA ma na nan ta cikin burauza in forfe ɗinka na da ƙarfi. Abu biyu kawai zan ce a kan KiCad. Kada ka taɓa ma'aunin gidajen da ta zo da shi, milimita 1,27, in ka canza za ka ga layi kamar ya taɓa ƙafa alhali bai taɓa ba. Kuma in ka gama ka danna ERC ta duba maka ƙafafun da aka bari a sake, wadda da gangan ka bari ka sa mata alamar X. Amma ka sani manhaja ba ta gyara zane mai hargitsi, duk abin da na faɗa a sama yana nan, wanda bai iya a kaye ba a ordinatar ma taliya zai dafa.

Zane na farko ba shi ake turawa ba. Na farko na tunani ne, za ka goge ka sake har takarda ta yi baƙi. In ya zauna ka ɗauko sabon shafi ka kwafe shi a tsanake da regil, a nan ne za ka ga ashe in ka matsar da rele dama kaɗan layi uku sun daina ratsa juna. Sannan ka ɗauki plak ɗin da ta riga ta yi aiki ka bi ta waya-waya, duk wadda ka tabbatar ka bi ta da jan kirayon a takarda, har sai ba layin da ya rage. Daga nan ka miƙa wa yaron shago ko wani abokin aiki, kar ka ce masa komai, ka ce ya faɗa maka me abin yake yi. Duk inda ya tsaya ya ce "maigida nan fa?" to nan ne za ka gyara, a takarda, ba da baki ba.

Wajen turawa, ɗauki hoton a inuwa mai haske, wayar a saitin takarda ba a karkace ba, ka goge gilashin kamara da gefen riga. A WhatsApp ka tura shi a matsayin dokima ba hoto ba, don in hoto ne matse shi take yi ƙananan rubutu su narke. Na ordinatar ka fitar da PDF. Kwafi ɗaya kuma ka naɗe a leda ka manna a cikin murfin akwatin, saboda ƙura da gara.

Haka na sake zana wa ƙanen nawa, zubi na 2, ya haɗa ta kama tashi ɗaya. Sai dai duk da haka bayan sallar isha'i ya kira, wai Yaya fitilar tana kunnawa tana mutuwa tana kunnawa tana mutuwa kamar siginal ɗin mota. Ashe ya ɗaura LDR ɗin a ƙarƙashin ampul ɗin, fitila na kamawa sai ta ga haske ta ɗauka gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa. Na ce ya mayar da ita bayan bango tana kallon sama, na ɗauko kayen na rubuta a gefen LDR "kada hasken fitilar ya taɓa ta", na goge 2 na sa 3.